Daga Tsakar Gida: Satin da Na Wuni da Mai Renon Ɗana

Waɗanda suka neme ni makon jiya ba su gan ni ba, a yi mini afuwa, targaɗe na yi. Santsin tayil ne ya kwashe ni a bakin banɗaki, ƙafar dama ta kumbura suntum, likita ya ce in zauna a gida kwana 7, kada in taka ta sai dole. Wannan zaman dolen shi ya haifi rubutun yau, domin tun da na koma aiki bayan haihuwa ban taɓa wuni a gidana a ranar aiki ba. Asabar da Lahadi kuwa kun san halinsu, in ba biki ba suna, in ba suna ba kasuwa. Sai ga ni kwance a kan katifa a falo daga asuba har dare, ba abin da zan iya sai kallo, ina ganin yadda ake renon ɗana.

Autana yana da shekara 1 da wata 8, watan jiya muka yaye shi. Mai renonsa dattijuwa ce da za ta kai shekara 50, mijinta ya rasu, daga wani ƙauye take ta wajen Ringim. Iya muke kiran ta, har maigidan. Ta zo gidanmu nan Kano yaron yana wata 4, daidai lokacin da hutun haihuwata ya ƙare. Da a ce kafin wannan satin wani ya tambaye ni me Iya take yi a gidan, cewa zan yi, "Ai ba wani aiki ba ne, reno ne kawai." Na sha faɗar wannan maganar a ofis, ban kuma taɓa jin nauyinta ba.

Iya tana tashi kafin kiran sallar asuba. Tana idar da salla take dama kunun gyaɗa, ta zuba a faffaɗan kwano ya huce, don ta san ƙarfe 6 ba ta cika yaron bai farka ba, kuma da yunwa yake tashi. Ta cire masa famfas ɗin dare, ta ɗora shi a fo. Ni da na zaci koyon fo abu ne na kwana biyu, sai na ga tsugunawa take yi a gabansa kusan minti 10, tana yi masa hira, tana tafa masa in ya yi, in bai yi ba ta ɗauke shi ba faɗa ba hantara. Haka za ta maimaita bayan kowane cin abinci da kowane barci.

Akwai abin da na daɗe ina yaba wa kaina da shi: wai ɗana ba ya kuka in zan fita aiki, saboda na horar da shi. Ashe ba horona ba ne. Da ƙarfe 7 ta yi, lokacin da na saba ɗaukar jaka, sai na ga Iya ta saɓa shi a baya ta ɗaure da majanyi, ta nufi bayan gida wajen kejin kaji da ɗan tsaki a hannu. Na tambaye ta, ina za ku da sassafe haka? Ta yi dariya ta ce, "Maman Auta, ai kullum nan muke zuwa. Sai mun ji tashin motarku muke dawowa." Fiye da shekara guda tana ɓoye masa fitata, ni kuwa ina can ina ba ƙawayena shawarar yadda ake horar da yaro.

Bayan wanka da shafa man kaɗe, sai su fito tsakar gida, kuma a nan na ga ainihin aikin. Yaro mai wannan shekaru ba ya zama. Ya ja tsintsiya, ya hau turmi, ya buɗe durowa, ya cusa abu a baki, ya nufi ƙofa da gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, wato awa 3. Nawa dai ya fi ƙarfin wannan lissafin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Iya ba ta yawan cewa "bari" ko "kul". Gidan ta gyara yadda ba sai ta faɗa ba. Duk bokitin da aka gama da shi sai ta zubar da ruwan ta kife shi. Baho ma haka. Na ce mata ruwan nan fa saye muke yi a wajen 'yan garuwa. Ta ce ta sani, amma a garinsu ta ga yaron da aka tsamo daga robar wanki wadda ruwan cikinta bai kai rabi ba, uwarsa kuma ɗaki kawai ta shiga ɗauko sabulu. Gaskiyarta ce. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa ya rufta ba ya iya ɗagowa, ba kuma ya samun damar yin ihu.

Haka na gano ita ce ta ɗauke kananzir ɗin da nake ajiyewa a robar lemo a ƙasan kanta ta mayar saman kabad. Na tuna na yi ta mita a kan wa ke sauya mini wurin kaya. Robar lemo ga yaro lemo ce. Bari ma in tsaya nan in faɗa, tunda mun zo wajen: idan Allah Ya kiyaye yaro ya sha kananzir, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman shi ke kai kananzir ɗin cikin huhu. A ɗauke shi a tafi asibiti.

Wajen ƙarfe 10 ya fara rigima, ni kuma ƙafa na zugi, sai na yi abin da na saba yi da daddare: na kunna masa katun a wayata na miƙa masa. Ya yi tsit. Iya ba ta ce komai ba, sai da ta ga minti 20 ta wuce ta zo ta tsuguna ta ce, "Maman Auta, in kin yarda in karɓe shi. In ya daɗe da wayar nan ba ya barcin rana, in bai yi barcin rana ba kuma da yamma ba mai iya masa." Na ji abin ya ɗan sosa mini rai, wai ni ake koya wa ɗana. Amma na miƙa mata shi, ya yi ta tsala ihu, ta zuba masa murafen robobi da ludayi da gwangwanin madara, ba a jima ba ya manta. Shawarwarin nan na 2019 da na ambata sun ce kada a zaunar da ɗan shekara 1 gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Iya ba ta taɓa jin labarin wata hukuma a Janeba ba. Yaron ta karanta.

Cin abincin rana shi ne inda na ga haƙurin da ni ba ni da shi. Faten dankalin Hausa ne da wake da ɗan alayyafo. Ya ci loma 3 ya kau da kai, ya tsoma hannu ya shafa a gashi, ya miƙe ya tafi. Ta bar shi. Can ya dawo ya ci 2. Kusan minti 40 aka yi ana wannan. Na ce, Iya, ki matse shi mana ki ba shi a wuce wajen. Ta girgiza kai. Ta ce 'ya'yanta 6 duk ɗura ta yi musu, ta kwantar da su a cinya ta toshe hanci ta zuba kunu, don haka ta ga ana yi. Ranar da jikar maƙwabciyarta ta shaƙe a wajen ɗura har aka kwana da ita asibiti, ranar ta tuba. Gyaɗa da aya da ƙwallon dabino ma ba ta bari su zauna inda hannunsa zai kai, kuma ta sha yi wa yayyensa faɗa a kan ba shi alawa yana gudu.

Ƙarfe 12 da rabi ta goya shi, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga shi a hankali har ya yi barci, ta shimfiɗe shi a gidan sauro. A lissafina nan ne hutunta. To ga abin da na gani a wannan "hutu": ta wanke kayan yaron, ta wanke kwanukan safe na gidan gaba ɗaya, ta share falo ta goge, ta gyara kayan miya, ta jiƙa gero na kunun gobe, ta yi sallar azahar a gurguje. Tana zama za ta ci nata abincin, wanda ya riga ya huce, yaron ya farka. Da hannu ɗaya ta ƙarasa ci, ɗayan yana riƙe da shi. Ƙarfe 2 yayyensa biyu suka dawo daga makaranta, ta zuba musu abinci, ta nemo wa wannan hijabi, ta nemo wa wancan allo da jakar Islamiyya.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyukan da muka yi yarjejeniya a kai ranar da aka kawo ta. Reno muka ce. Amma kun san yadda abin yake shigowa: "Iya, in ya yi barci ki ɗan taimaka da kwanukan nan." Gobe kuma, "Iya, ki ɗan tsinke mini alayyafon nan." Abin da aka roƙa sau ɗaya ya zama wajibi, har ranar da ba a yi ba mu dawo muna tambayar me aka wuni ana yi.

Da dare na ɗauki biro na yi lissafi. Daga 5 da rabi na asuba zuwa 9 da rabi na dare awa 16 ke nan, ban da daren da na gaji na ce ya kwana wajenta. Naira 30,000 nake biyan ta a wata, kuma ina ganin na yi ƙoƙari, don na san masu biyan rabin haka. A raba gida 30, naira 1,000 a rana. A raba da awa 16, naira 60 da 'yan kai ke nan a awa. Ba ta sayen ƙwai ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Na san dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ba wanda zai kai ni kotu. Na kuma san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina: ai tana ci a gidan, tana kwana a gidan, ana yi mata ɗinkin salla, mu ma albashin namu nawa ne? Duk gaskiya ne. Sai dai ni ma da ofishinmu zai ba ni tuwo da katifa ya ce in yi awa 16 ba ranar hutu, da tuni na rubuta takardar barin aiki.

Ranar Alhamis ce ta zo da abin da ya sa na kasa barci. Tun da hantsi Iya ta ce jikin yaron ba daidai yake ba, alhali ni ban ga komai ba. Ta ce bai bi kaji ba yau, kuma ya ƙi kunu. Zuwa azahar zazzaɓi ya rufe shi. Maigidan ya dawo ya kai shi asibiti, aka gwada jini aka ga maleriya ce, aka ba da magani, alhamdu lillahi ya warware. Amma da suna can, mu biyu muka rage a falo, sai na tambaye ta: da ba na gida fa, ya za ki yi? Ta ce za ta kira ni. In ban ɗauka ba fa, ina taro? Ta yi shiru. Ashe lambata kaɗai ce a ƙaramar wayarta. Ba ta da ta maigidan, ba ta da kuɗin adaidaita sahu a hannu, ba ta san inda katin asibitin yaron yake ba, kuma ba ta karanta boko, balle ta gane awon da aka rubuta a kwalbar farasitamol. Fiye da shekara ina barin ta da rai guda a hannu, ban taɓa zama na tsara mata abin da za ta yi in abu ya faru ba.

Shirun ya ɗan yi tsawo, sai ta ce, "Maman Auta, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, ki yafe mini." Gabana ya faɗi. Ta ce kafin babbar salla yaron ya faɗo daga dakalin ƙofar kicin, goshinsa ya bugi siminti ya yi ƙulu. Tana wanke-wanke a lokacin, tana sauri ta gama kafin in dawo. Ta danna masa tsumma mai sanyi, ta sa masa hula, da na dawo ta ce sanyi ake yi shi ya sa. Daren nan ita ta roƙa ya kwana wajenta, kuma ba ta runtsa ba, tana ta taɓa shi tana sauraron numfashinsa. Na tuna hular. Har hoto na ɗauke shi da ita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Buguwar kai ba abin wasa ba ce. In yaro ya yi ta amai bayan faɗuwa, ko barci ya rinjaye shi fiye da yadda ya saba, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti ake nufa nan take, kuma uwa ba za ta sa ido a kan waɗannan alamu ba in ba ta san ya faɗi ba. Na ce, Iya, me ya hana ki gaya mini? Ta ce a gidan da ta yi aiki kafin namu, yarinya ta kurje gwiwa, aka sallame ta da magariba, ba a ba ta kuɗin watan ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Kuma na ga yadda kika yi ranar da filas ya fashe."

Na tuna wannan ranar ma. A gaban yara na yi mata faɗa, mace da ta haife ni, har na ce zan cire kuɗin a albashinta. Ban cire ba, na ma manta da maganar washegari. Ita ba ta manta ba. Ta auna ta ga in filas ya jawo haka, to goshin yaro me zai jawo? Ɓoyewar da ta yi laifi ne, na kuma faɗa mata laifi ne. Amma tsoron da ya sa ta ɓoye, da hannuna na gina shi, kuma kwanukan da suka ɗauke idonta daga kan yaron ni na ɗora mata su.

Da na ba wata ƙawata labari, cewa ta yi, "Ke dai sa kyamara kawai." Ba na ganin laifin mai sa kyamara, in dai an sanar da mai renon, kuma ba a kai ta ɗakin kwananta ba. Ban kuma ce duk masu reno irin Iya ne ba. Akwai masu mintsinin yaro, akwai masu cinye abincinsa, akwai masu ba shi maganin mura mai sa barci don su huta, kuma uwar da ta ga ɗanta yana firgita in ya ga mai renonsa, ko yana barcin da ya wuce ƙa'ida, kada ta yi shiru. Sai dai kyamara falo take gani, ba ta ganin dakalin kicin, ba kuma za ta gaya miki cewa yaro bai bi kaji ba yau. Wannan sai bakin mutum, shi kuma baki ba ya buɗewa inda ake tsoron kora.

In dattijuwa mai 'ya'ya 6 ta ji tsoron faɗar gaskiya, ina ga 'yar shekara 10 ko 11 da dillaliya ta kawo daga ƙauye, wadda ko kuɗin aikinta ba ta gani, iyayenta ake aika wa don tara kayan ɗaki? Da yawanmu irin waɗannan muke bar wa jarirai mu kulle gida mu tafi. Yarinyar da ita ma reno take buƙata, ita za ta gane zazzaɓi tun bai fito ba? Ita za ta san cewa in yaro yana jijjiga ba a tura masa cokali a baki, kwantar da shi ake yi ta gefe? Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da hukuncin ɗauri. Mu kuwa a unguwanninmu abin ya zama ruwan dare, har muna cewa taimakon iyayenta muke yi. Kuma mu ne muke karanta wa 'ya'yanmu tarihin Halimatus Sa'adiyya da Ummu Aimana, da irin girman da Manzon Allah (SAW) ya ci gaba da ba matan da suka rene shi har bayan ya girma.

Kafin ƙafata ta warke mun zauna mu uku da maigidan. Mun ƙara mata albashi, bai kai 70,000 ba, ba zan yi muku burga ba, amma mun yanka ranar da za mu sake dubawa. Mun samo wata mata a unguwa da za ta riƙa zuwa da safe don shara da wanke-wanke, kuɗinta kuma daga abin da nake kashewa a anko zai fito. Na rubuta lambobi 3 da manyan baƙi na manna a bangon kicin, na kuma saka mata su a waya yadda danna maɓalli ɗaya ya isa. Akwai kuɗin mota da katin asibiti a cikin wani gwangwani a saman firij, mun kuma yi magana da maƙwabcinmu mai adaidaita sahu. Sirinjin maganin yaron na ɗaura masa zare daidai inda likita ya nuna. Abin da ya fi mini wuya shi ne na ƙarshe: na ba ta haƙuri a kan maganar filas, a gaban yaran da na yi mata faɗan a gabansu. Na ce mata daga yau duk abin da ya samu yaron, ko ƙwarzane ne, in ji daga bakinta, kuma na yi alkawarin ba zan yi magana ba sai ta kai aya. Yanzu in na dawo, kafin in cire mayafi, muna zama minti 10 ta ba ni labarin wuninsa: me ya ci, sau nawa ya yi bayan gida, wace sabuwar kalma ya faɗa. A nan na ji cewa "ruwa" ya fara faɗa tun wata 2 da suka wuce, ni kuwa sai satin nan na ji shi.

Mun kuma amince za ta riƙa samun hutun kwana 2 duk bayan mako 2. Juma'ar da ta wuce ta tafi na farko, za ta ga 'yarta da ta haihu tun watan jiya ba ta samu zuwa ba. Autana ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsohon silifas ɗinta yana kiran "Iya, Iya". Na goya shi na ɗingisa zuwa kejin kaji da tsaki a hannu, ya kalli kajin ya kalle ni, ya ƙara volume ɗin kukansa kamar an zuga shi. Barcin rana bai yiwu ba, faten da na yi ya ƙare a gashinsa da bangon falo. Wajen la'asar wayata ta yi ƙara, na ga lambar Iya. Ta ce sun sauka lafiya, mai jego da jaririya suna gaishe ni. Sannan ta ce, "Maman Auta, bahon da kika yi masa wanka, kin kife shi kuwa?"

Na ce mata ta riƙe wayar, ina zuwa.